Abin da Mai Hula Ya Ce a Bakin Ƙofa

Takalman ne suka fara sa mini shakka. Kafin maigidana ya tafi biɗa Aljeriya, wato ci-rani, bayan an gama girbi, sai da ya sa na taka ƙasa, ya durƙusa ya auna ƙafata da zaren buhu, ya yi ƙulli. Sannan ya kamo ƴarmu tana wutsil-wutsil, ya auna tata a jikin zaren nan, ya yi ƙulli na biyu da ɗan rara saboda za ta girma. Mazan garinmu Tamaske da yawa haka suke yi, don ba kowa ya san lambar ƙafar matarsa ba. Tafiyarsa ta uku ke nan, kuma bai taɓa kawo mini takalmin da bai zauna mini daidai ba.

Tare suka tafi da wana, wanda nake bi. Da damina ta faɗi, wana ya dawo shi kaɗai.

A wajenmu, wanda ya dawo daga biɗa ba ya hutawa sai ya sauke saƙon mutane. Kashegari da safe zai bi gida-gida, wannan ga na ɗanki, wannan ga na mijinki, ya ce a gaishe ku, yana lafiya. Wana ya zo gidanmu da hantsi, ya tsuguna a gaban surukata ya ajiye mata bargo da sukari da ganyen shayi. Ni kuma ya miƙo mini leda ba tare da ya dube ni ba. Ya ce maigidana ya samu aiki a wani shantiye, wurin gini, can cikin sahara, babu rezon waya ko kaɗan, kuma mai aikin ya riƙe su sai an gama gini. Wannan maganar ba sabuwa ba ce. Ita yake faɗa mini tun da sanyi, duk lokacin da ya kira gida na ce a ba ni mijina.

Da ya fita na buɗe ledar. Na zura ƙafa a takalmin, sai na ji kamar na taka cikin akushi. Na ƴar kuwa ko yatsunta ba su shiga ba. Surukata tana ta shafa bargo tana sa albarka, ni ina tsaye da takalmi a hannu. Na ce a raina, ko dai ba maigidana ya saya ba, ko kuma ya manta da mu har ya jefar da zaren. Ban san wanne ya fi ciwo ba a lokacin.

Bayan kamar sati guda na je gidan iyayena gaida Inna, ƙafarta tana damunta. Tun ina bayan danga na ji wani kiɗa, fito ne siriri da wani abu mai tsirkiya kamar garaya, a ƙarƙashinsa inji yana gurnani. Na san kiɗan nan kamar yadda na san tarin mijina. Wallahi sai da na saki gefen mayafina na shiga da gudu, ina zaton ya iso ya sauka nan don ya ba ni mamaki. Na tarar da wana a gindin bedi, wato dogon yaro, ya duƙufa a kan waya.

Dole in faɗi abin da ke cikin wayar nan, don in ba haka ba ba za a gane haukata ba.

Maigidana mutum ne mai son fim ɗin zane na ƴan Japan. A Madawa ake tura masa su a katin waya in ya je kai albasa. Akwai guda ɗaya mai tsawo da ya fi so, kashi-kashi ne, kuma ni yake sa wa in karanta masa faransancin da ke fitowa a ƙasa, saboda na yi koleji a Kaita har aji huɗu, shi kuwa bai wuce allo ba. Maganar mutanen ciki ba mai jin ta a duk faɗin ƙasarmu ta Adar.

Ni tun farko ban yarda da fim ɗin ba. Wata duniya ce da ba a ruwan sama, jar ƙasa da duwatsu, irin yadda Inna take ba mu labarin tudun garinmu kafin su yi ɗaukar dutse suna jerawa don tare ruwa, zamanin furoje, aikin raya ƙasa. Mutanen ciki maginan rijiya ne, suna bi gari-gari da manyan huluna masu faɗi da ƙaramar bindiga a ƙugu, a kan dawakin ƙarfe masu shan mai. A samansu kuma wasu jirage ne da suka fi dutsen bayan gari girma, suna wucewa a hankali da ruwan da aka kwashe za a kai wa masu hali a wasu taurari. Ni dai na saba da abu ya tsaya a matsayinsa. Fim ɗin Indiya ka san za a yi waƙa. Na ƴan Sin ka san za a yi faɗa. Na zane kuwa don yara aka yi shi, dutse ya faɗo wa kyanwa ta baje, ta tashi ta kakkaɓe ta ci gaba da gudu. Amma wannan, kana cikin dariyar manyan idanunsu sai a harbi mutum, ka jira ya tashi, ya ƙi tashi. Na ce masa wannan yaudara ce, an sa wa abin manya rigar yara.

Dariya ya yi mini. Ya ce, "Ke, dubi Babanku dai. Bisa jaki yake, salula cikin aljihu, yana magana da ɗanai da ke Abijan. Ga panno na wutar rana bisa ɗakin kara. Mu ma hakanan muke, ba wanda yaz zana mu ne kawai."

Baba ma ya taɓa leƙawa sau ɗaya, ya ce, "Wanga ai kaboyi na. Mun gan su sinima Tawa tun ba a haihe ku ba. Amma kaboyin da nis sani doki garai na gaske. Mi yak kai kaboyi cikin taurari?" Ya ce a zamaninsu da ganin hular mutum ka san mugu ne ko na kirki, waɗannan kuwa duk hularsu ɗaya. Ya mayar da wayar ya tafi masallaci.

Wanda ya fi kowa yi wa maigidana tsiya a kan fim ɗin nan shi ne wana. Ba ya ganinsa da waya sai ya ce, "Ƙato da gemu, kana kallon wasan yara." To yau ga shi shi ne a gindin bedi, ko ƙiftawa ba ya yi.

Na ce, "Yaya, ina kas samu wanga?"

Ya yi firgigit ya kife wayar a cinya. Ya ce, "Aro yab ba ni."

Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun bai rufe baki ba. Katin nan ko ni maigidana ba ya ba ni in kwana da shi. Ya bar kashi na ƙarshe-ƙarshe bai kalla ba, ya ce guzurin hanya ne, in ya dawo kuma mu sake kallo tare in karanta masa. Mutumin da ke cikin sahara ba rezo ba rediyo, shi ne zai ba da abin da ke ɗebe masa kewa? Na shiga wajen Inna na zauna ina matsa mata ƙafa, kunnena yana waje.

Daga ranar na sa wa wana ido, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na zama mai laɓe a gidan ubana. Na lura ya daina bi ta ƙofar gidanmu, sai ya zagaya ta bayan masallaci ko da hanyar ta fi nisa. In ya hango surukata a kasuwa sai ya shige rumfar masu tireda. Na aika masa da tuwo har sau biyu, kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi. Ƴata in ta ruga ta riƙe masa ƙafa, sai ya ɗaga ta ya miƙa wa na kusa kamar tana da zafi. Na kuma lura da abu guda wanda ya fi duk sauran damuna. Ba fim ɗin yake kallo ba. Wuri ɗaya ne. Kiɗan zai taso, ya yi ɗan lokaci, sai ya ja da babban yatsa ya mayar baya, kiɗan ya sake tasowa daga inda ya fara.

Babu irin zargin da ban yi ba. Na ce an kama mijina yana kurkuku, an haɗa baki ana ɓoye mini. Na ce faɗa suka yi, wana ya ƙwace masa kaya ya gudo. Na ce ko mijin ne ya gaji da mu, ya ce a je a lallaɓa ni da takalmi. Har na fara ƙulla irin maganar da zan faɗa masa in ya dawo, ina daka ina maimaitawa. Abu ɗaya ne ban yarda zuciyata ta taɓa ba, in ta nufi wajen sai in tashi in nemi aiki. Na tambayi wasu biyu da suka dawo daga can, suka ce su wani gari suka zauna, ba su haɗu ba. Na gaya wa Inna abin da nake gani, ta ce, "Ke dai kin cika bincike. Wanki gajiya ta garai, bar shi shi huta."

Ana cikin noman fari, ranar wata Laraba, Inna ta ce in kai musu fura gona tunda ita ba ta iya tafiya. Na ɗauka da niyya. Na ce yau ko ni ko shi, a gaban Baba zan tsare shi, in ya so a ce ba ni da kunya.

Gonarmu tana bayan ƙorama, inda layukan dutsen su Inna suke har yanzu. Gawo ba ya da inuwa da damina, don haka a gindin aduwa suke hutawa. Na tarar Baba yana can ƙarshen gona bai ajiye hauya ba, wana kuwa yana zaune shi kaɗai. Na dire ƙwaryar da ƙarfi har fura ta fantsala. Na buɗe baki ke nan, sai ya riga ni. Ya miƙo mini wayar.

Ya ce, "Karanta mini wurin ga. Ke kis san nasaranci."

Duk masifar da na ƙunso sai na ajiye ta. Na karɓa na zauna nesa da shi kaɗan, na kare hasken rana da mayafi.

Kashin da ban taɓa gani ba ne. Ɗaya daga cikin maginan rijiyar nan, dogon, mai yawan shiru, yana shigowa wani ƙauye da rana tsaka. Yana kan dokinsa na ƙarfe, yana jaye da wani a baya, ba kowa a kan sirdin. A sama jirgin ruwan nan yana wucewa, inuwarsa ta rufe rabin garin. Ya sauka a ƙofar wani gida na kwano. Ya cire hularsa. A ɗaya hannun kuma akwai wata hular, ya ɓoye ta a bayansa. Ya daɗe a tsaye kafin ya ƙwanƙwasa. Wata mata ta buɗe, hannuwanta duk gari. Ya yi magana, rubutu ya fito a ƙasa.

Wana ya matso har ina jin numfashinsa. "Mi yac ce?"

Na ce, "Cewa ya yi, ko kuna da ruwa, dokin ya yi zafi."

"Sannan?"

"Ita kuma ta ce akwai a bayan gida."

"Sannan?"

"Ya ce ya gode."

Matar ba ta ƙara kallonsa ba. Ta bayan kafaɗarsa take kallo, wajen dokin da ba kowa a kai. Kiɗan ya taso, kashin ya ƙare.

Wana ya ce, "Shi ke nan abin da yac ce?"

Na ce shi ke nan.

Ya yi wata irin dariya marar daɗi, ya sa hannu ya rufe fuska. Ya ce, "Wata bakwai ina kallon bakinai. Ni zaci shi ya san yadda ake hwaɗi. Nic ce in na samu mai karanta mini, sai in hwaɗi awa yadda yah hwaɗi."

Ban tambaye shi faɗin me ba. Ya laluba aljihun ƴar shararsa ya fito da wani abu ya ajiye a ƙasa tsakaninmu. Zaren buhu ne, ya yi baƙi da datti, da ƙulli biyu.

Ya ce cikin aljihun maigidana ya same shi tare da katin. Bai san ko na mene ne ba, ya ɗauka wani abin tsari ne, shi ya sa bai yar ba. Sannan ya faɗi sauran, kansa a ƙasa, yana tsinkar ciyawa. Motarsu ta mutu bayan sun wuce Agadas da kwana biyu. Direba ya ce za a zo, ba a zo da wuri ba. Ruwa ya ƙare, zazzaɓi ya kama maigidana, bai kai zuwan motar da ta cece su ba. Sun yi taimama sun yi masa salla su da suka rage, suka rufe shi a gindin wani tudu. Ko sati biyu ba su yi da barin Tamaske ba. Ya ce ya kasa faɗa a waya, ya bari sai ya zo. Da ya zo kuma ya tarar da ni na share tsakar gida na yi lalle ina jiran saƙo, surukata ta shimfiɗa masa tabarma. Kuma shi ne ya ce masa su bi ta wannan hanyar, ta fi sauri.

Na sha jin mata suna cewa in aka gaya musu sai su faɗi. Ni ban faɗi ba. Fushi ne ya zo mini kafin kuka, irin wanda ban taɓa yi ba. Na ɗauki zaren na miƙe. Na ce, "Tashi. Yanzu za ka tahi wurin uwatai da ƙahwarka ka hwaɗa mata da bakinka. Kuma kada ka roƙe ta ruwa."

Ya tashi. Baba ya hango mu ya taho yana tambayar lafiya, na bar su nan na yi gaba. Wana ya biyo ni a baya har gida, wannan karon ta ƙofarmu. Ina tsaye a zaure na ji ya faɗa. Kalma huɗu ce ko biyar. Abin da ya ɗauke shi wata bakwai bai kai tsawon sallama ba.

Kashegari aka yi zaman makoki. Da mutane suka ɗan ragu, na sa aka tambayar mini liman yadda zan fara takaba, tunda ba gawa ba jana'iza. Ya zo da kansa ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goma sun cika tun da bazara. Ya ce babu komai a kaina, Allah bai kama ni da abin da ban sani ba. Da nufin sauƙaƙa mini ya faɗa, na sani.

Ni kuwa a nan ne kukan ya zo. Na zauna ina tuno abin da na yi a watannin nan. Na je bikin ƴar kawuna a Kaita, na yi lalle har gwiwar hannu, na sa kwalli, na yi rawa har mata suna yi mini guɗa. Na yi faɗa da mai kayan koli a kan ƴan kunne. Na yi ta zagin mijina a zuci don bai kira ni ba. Duk wannan a cikin takabata na yi shi. Kwanakin da ya kamata in zauna saboda shi, in sa tsohon zane, mata su zo su zauna tare da ni a san na yi rashi, an cinye mini su ban sani ba. Masu zuwa gaisuwa ma ba su san yadda za su yi da ni ba. Wata har ta ce mini, ai ke kin huta, kin fita tun ba ki shiga ba. Da ba a gidan makoki muke ba, da ta ji abin da bakina ya iya.

Saharar ban riƙe wana da ita ba. Ba shi ya kashe motar ba, kuma na san da hannunsa ya tona ramin. Takabata nake riƙe da shi da ita, kuma na gaya masa haka a gaban Inna. Muna gaisawa yanzu, yana yi wa ƴata aski da sayen alewa, amma ba mu taɓa komawa yadda muke ba, kuma ban yi ƙoƙari ba. Na cire ƴan kunnena a ranar, ban mayar ba sai da aka yi girbi. Ba takaba ba ce, liman ya riga ya faɗa, amma ba wanda ya isa ya sa ni in sa kwalli. Surukata ce kaɗai ba ta matsa mini ba, takan dai jawo tabarmarta kusa da tawa.

Katin yana wurina. Da rani ya yi, na zauna wata rana bayan azahar na kalli sauran fim ɗin, ni kaɗai, ina karanta faransancin a fili kamar da mai saurare. So nake in ga abin da matar nan ta yi bayan ta rufe ƙofa, ko an zo mata gaisuwa, ko ya ba ta hular. Maginan rijiyar suka hau dawakinsu suka wuce gari na gaba. Aka yi harbe-harbe, aka kakkaɓo jirgi guda, ruwa ya zubo daga sama mutane suna tsalle. Na jira har rubutun ƙarshe ya gama hawa. Ba su koma gidanta ba ko sau ɗaya.

Zaren yana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Wani lokaci in ina gyaran kaya nakan fito da shi in gwada. Ƙafar ƴarmu ta wuce ƙullinta tun bara, har da rarar da ya bar mata. Tawa tana nan daidai.